Intanet ta iska ko ta kebul? Tambayoyi da amsoshi ga mazauna Maraɗi

Masu gidaje, ƴan kasuwa, shugabannin makarantu da ɗalibai sukan yi tambayoyi kusan iri ɗaya a duk lokacin da suka tashi saka intanet mai ƙarfi a gida ko a wurin aiki. An tattaro waɗanda suka fi yawa a nan, kuma an ba da amsoshin bisa la'akari da yanayin birnin Maraɗi da karkararsa, domin shawarar da ta dace da mazaunin Paris ko Legas ba lalle ne ta dace da mazaunin unguwar Zariya, Bagalam ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi ba.

Me ake nufi da intanet ta iska, kuma ina ya bambanta da na kebul?

Bambancin yana a zangon ƙarshe ne, wato tsakanin kayan aikin kamfanin sadarwa da ƙofar gidan mai saye. Idan aka ja igiya tun daga kamfani har cikin gida, wannan shi ne haɗin kebul, kuma iri biyu ne aka fi sani: tsohuwar wayar tagulla ta tarhon girke, wadda ake ɗora wa fasahar ADSL, da kuma fiba, wato siririn zaren gilashi da ke ɗaukar saƙo da haske. Idan kuwa saƙon ya ƙarasa gida ta igiyoyin rediyo, wannan shi ne haɗin iska. Shi kuma iri uku ne. Akwai rezon salula na 3G da 4G, wanda ake kamawa da tarho ko da akwatin modem mai ɗauke da sim. Akwai eriya da ake kafawa a bisa gini ta fuskanci wata eriyar kai tsaye. Sannan akwai tauraron ɗan adam.

Wifi ɗin da ke cikin gida wani abu ne daban. Aikinsa kawai ya rarraba abin da ya iso gidan zuwa ɗakuna, ko da fiba ya iso ko da 4G.

Mene ne babban amfanin haɗin iska a gari irin Maraɗi?

Babban amfaninsa shi ne yana isa ga mutane a inda suke, ba tare da an jira an haƙa rami har ƙofar kowa ba. Kafin kebul ya shiga gida ɗaya, sai an nemi izini, an haƙa gefen hanya ko an kafa turaku, an saka bututu, an ja igiya, an haɗa ta, an kuma ci gaba da kula da ita shekara da shekaru. Mafi yawan kuɗin aikin fiba a wannan haƙa da shimfiɗawa suke tafiya, zaren kansa ba shi ne mai tsada ba. Saboda haka kamfani ba ya jan kebul sai inda ya tabbatar akwai masu saye da yawa a kusa da juna, kamar tsakiyar gari, bankuna, ofisoshin gwamnati da manyan ma'aikatu.

To, Maraɗi gari ne da ke faɗaɗa da sauri. Filin da jiya gonar hatsi ce, yau an yanka shi fuloti, gobe an tayar da gidaje, tun kafin a kawo ruwan famfo ko a fitar da hanya sosai. Mutumin da ya tare a irin wannan unguwa zai daɗe yana jiran kebul, amma a daren da ya tare zai iya kunna modem ɗinsa idan akwai turken rezo a kusa. Ga shi kuma tarhon girke bai taɓa yaɗuwa a gidajen Nijar ba, don haka babu tsohuwar wayar tagulla da za a gada kamar yadda aka yi a Turai. Mafi yawan jama'ar ƙasar nan ta salula suka fara sanin intanet.

A karkara ne al'amarin ya fi fitowa fili. Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'arta a ƙauyuka suke zaune. A jihar Maraɗi kaɗai, idan aka dubi ƙauyukan da ke warwatse a gundumomin Dakwaro, Mayayi, Tasawa, Agye, Gidan Rumji da Madarunfa, za a ga cewa jan igiya zuwa kowane gida abu ne da ba zai yiwu ba a nan kusa. Turke ɗaya kuwa yana iya wadatar da ƙauyuka da dama a lokaci guda, musamman idan yana aiki da ƙananan mitoci irin su megahaz 800 ko 900, waɗanda suke tafiya nesa kuma suke ratsa bango fiye da manyan mitoci. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, wadda ba ta da manyan duwatsu masu tare hanya, tana ƙara taimaka wa wannan.

Kwana nawa ake ɗauka kafin a fara amfani da shi?

Akwatin modem na 4G a ranar da aka saya ake fara aiki da shi: a yi rajistar sim da katin shaida, a saka forfe, a kunna. Eriyar bisa gini tana bukatar ma'aikaci ya hau ya daidaita ta. Fiba kuwa ya danganta da ko layin ya riga ya bi ta unguwar. Idan bai bi ba, babu wanda zai iya yanka wa mai saye rana.

Ni ɗan haya ne, kuma ina yawan tafiya cin kasuwa. Wanne ya fi dacewa da ni?

Haɗin iska, ba tare da wani dogon tunani ba. Kebul na gini ne, ranar da ka tashi daga gidan ko ka sake shago, a nan za ka bar shi tare da kuɗin da ka kashe wajen jawo shi. Ƙaramin modem mai batir kuwa yana shiga aljihu, yana aiki a shago da rana, a gida da dare, a kasuwar ƙauye ranar cinta, matuƙar rezon kamfanin ya kai wurin. Ga ɗan kasuwar da ake turo wa hotunan kaya ta WhatsApp daga Kano ko Kwatano, yana duba farashi, yana tura kuɗi ta salula, wannan sauƙin ya fi masa amfani a kan saurin da ba zai iya ɗauka ya tafi da shi ba.

Sai dai masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya su lura: kusa da iyaka tarho yakan kama rezon Najeriya da kansa, kuma idan an bar shi a buɗe, ana iya cajin mutum farashin wanda ya fita ƙasar waje alhali bai tsallaka ba. Maganin shi ne a shiga saitin tarho a zaɓi kamfanin da hannu.

To, wajen sauri fa? An ce fiba ya fi.

Gaskiya ne, kuma bai kamata wanda ke tallan haɗin iska ya ɓoye wannan ba. Fiba yana iya kai megabit 1,000 a daƙiƙa zuwa gida ɗaya, saurinsa ba ya sauyawa sosai tsakanin safe da dare, kuma yana da ƙarfi wajen tura abu kamar yadda yake da shi wajen saukewa. Babu haɗin iska da ake sayar wa gidaje da ya kai shi tabbaci.

Dalilin kuwa shi ne turken rezo na tarayya ne. Kamar famfon unguwa yake: wanda ya je da asuba nan da nan zai cika tulunsa, wanda ya je lokacin da kowa ya fito sai ya bi layi. Shi ya sa 4G ɗin da ke gudu da hantsi yakan yi nauyi bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya zauna yana kallon bidiyo, kuma shi ya sa rezo yakan toshe ranar salla ko wurin babban taro. Nisa daga turke da kaurin bango su ma suna rage sauri.

Amma idan da tsohuwar wayar tagulla za a gwada, 4G mai kyau yakan wuce ta. Mafi girman abin da ADSL2+ ke bayarwa megabit 24 ne, shi ma sai ga wanda ke daf da cibiyar kamfanin, kuma yana raguwa da nisa har ya kusa ɓacewa idan an kai kilomita 5. Tambayar da ta kamata mutum ya yi wa kansa ita ce nawa yake bukata. Saƙon murya, kiran bidiyo, karatu daga nesa da tura takardu duk suna tafiya lafiya da ƴan megabit kaɗan, in dai ba sa yankewa. A kuma tuna cewa kamfanoni da megabit suke talla, alhali girman fayil da megabayit ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Saboda haka haɗin megabit 8 yana sauke kimanin megabayit 1 ne a daƙiƙa.

Wanne ya fi araha?

A farko, haɗin iska. Babu kuɗin haƙa, babu kuɗin jan igiya, kuma mutum yana iya sayen forfe na yini, na mako ko na wata gwargwadon aljihunsa, ya dakata idan hali bai yi ba. Wannan ya dace da yadda kuɗi ke shigo wa mafi yawan mutanenmu, waɗanda ba albashin ƙarshen wata suke jira ba.

A tsawon lokaci kuwa lissafin yana iya juyawa. Forfe na salula yawanci ƙayyadadde ne, da jiga ake sayar da shi, kuma bidiyo ne ke cinye shi: awa ɗaya na kallo mai matsakaicin kyau yana iya cin kusan jiga 1, mai kyau sosai kuma ya kai jiga 3. Gidan da ke da yara da yawa, ko wurin da kwamfutoci goma ke aiki daga safe zuwa yamma, zai iya samun cewa biyan kuɗin wata na kebul mara iyaka ya fi masa sauƙi. Abin da ya fi shi ne mutum ya yi wata guda yana rubuta abin da yake kashewa a forfe, sannan ya gwada da farashin da aka yanka masa na fiba, tare da kuɗin girkawa. Ya kuma karanta sharuɗɗa da kyau, domin wasu tsare-tsaren da ake cewa ba su da iyaka suna rage sauri idan an wuce wani adadi.

Idan aka ɗauke wuta, wanne ke ci gaba da aiki?

Wannan tambaya tana da nauyi a Maraɗi. Wutar da yankin Maraɗi da Damagaram ke sha, wani babban kaso nata daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse wutar saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024. Ko a lokacin da babu irin wannan matsala, ɗaukewar wuta a watannin zafi abu ne sananne.

A nan haɗin iska yana da fifiko bayyananne. Turakun rezo suna da batura da injin gurup, da yawa kuma an saka musu farantan sola, don haka sukan ci gaba da aiki bayan wutar gari ta tafi. A ɓangaren mai saye kuma, tarho da ƙaramin modem suna da batirinsu. Akwatin modem na gida wat 10 ko kusa da haka yake ci, abin da ƙaramin batir da farantin sola ɗaya za su riƙe cikin sauƙi. Shi zaren fiba ba ya bukatar wuta a hanya, amma akwatin da ke ƙarshensa a cikin gida yana bukata, kuma ba ya zuwa da batir, saboda haka wanda ya saka fiba ya tanadar masa madogara tun ranar farko.

Damina da hunturu ba sa hana haɗin iska aiki?

Mitocin da 3G da 4G ke amfani da su ba su damu da ruwan sama sosai ba. Waɗanda ruwa ke raunanawa su ne masu mitoci sama da gigahaz 10, wato farantan tauraron ɗan adam da wasu eriyoyin da ke haɗa turke da turke, kuma su ma da zarar hadarin ya wuce sukan dawo. Ƙurar hunturu ta fi cutar da farantin sola fiye da rezon kansa, don haka a riƙa goge shi. Zafin Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, yana sa modem ya yi nauyi ko ya kashe kansa idan an ajiye shi a rana ko daf da rufin kwano.

Kebul ma yana da nasa abokan gaba. Ambaliya irin wadda ta auka wa Maraɗi a daminar 2024 tana zaizaye ƙasa ta tone abin da aka binne, aikin hanya ko haƙan magudanar ruwa yana tsinke igiya, tagulla kuma tana jan ɓarayi saboda tana da kasuwa, tana kuma ɗaukar tsawa ta kai ta cikin kayan gida. Fiba ya tsira daga waɗannan biyun na ƙarshe tunda gilashi ne, amma idan ya tsinke sai an zo da na'ura ta musamman an haɗa shi.

Idan ta iska yake zuwa, me ya sa intanet ya lalace a watan Maris na 2024 da aka ce kebul ya tsinke a teku?

Saboda zangon ƙarshe ne kawai ke bi ta iska. Daga turke, saƙon yana shiga babban layin fiba da ke ratsa ƙasa, ya fita zuwa gaɓar teku, ya bi ta kebul ɗin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Nijar ba ta da teku, don haka ta maƙwabtanta take isa ga waɗannan layuka. Ranar 14 ga Maris 2024 layuka huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a tekun da ke kusa da Kodebuwa, kuma ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har da Nijar, sun ji a jikinsu.

Wannan ne ya sa bai dace a ɗauki fasahohin biyu a matsayin kishiyoyi ba. Ƙarfin 4G ɗin da ke hannunka ya dogara da fiban da ke ciyar da turken. Aikin babban layin fiba mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa domin haɗa Nijar da Aljeriya, Chadi da Najeriya, amfaninsa shi ne ya ƙara yawan hanyoyin fita, ta yadda idan ɗaya ta yanke wata za ta ɗauka. Mai salula a Tibiri ko Jiratawa zai amfana da shi ko da kebul bai taɓa zuwa ƙofarsa ba.

Tauraron ɗan adam fa, kamar Starlink?

Shi ne mafita ga wurin da babu kebul kuma babu turken rezo, kamar rugage da ƙauyukan arewacin Dakwaro da Bermo. Tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, shi ya sa saƙo ke ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, abin da ke sa kiran bidiyo ya yi wahala. Na Starlink suna kimanin kilomita 550 ne, don haka jinkirin kaɗan ne. An fara sayar da shi a Nijar bisa izini a shekarar 2025. Sai dai kayansa suna da tsada a farko, farantin yana bukatar sarari a buɗe ba tare da bishiya ko bango ya tare masa sama ba, kuma babban samfurinsa yana cin wat 75 zuwa 100, wanda ya ninka na modem ɗin 4G sau da yawa. Ga wanda ke cikin gari inda 4G ke da ƙarfi, ya kamata ya yi lissafi sosai kafin ya saya.

A tsakar gida rezo cike yake, amma da na shiga ɗaki sai ya ragu. Me zan yi?

Ginin ne ke tare shi. Rufin kwano yana mayar da igiyar rediyo baya, bangon siminti mai ƙarafa a ciki yana shanye ta, bangon laka mai kauri ma yana rage ta, musamman idan ya jiƙe da damina. Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, ka ɗauki modem ɗin ka zagaya da shi cikin gidan kana duban fitilun da ke nuna ƙarfin rezo. Sau da yawa za ka ga a bayan talabijin, inda aka saba ajiye shi, fitila biyu ce ke kamawa, amma da ka ɗora shi a kan katako kusa da tagar da ke fuskantar turke, sama da tsayin kafaɗa, sai ta zama huɗu. Kada a saka shi cikin kabad na ƙarfe, kada kuma a rufe shi da ƙyalle don gudun ƙura, domin zafi zai kama shi. Idan duk da haka bai wadatar ba, ana saka ƙaramar eriya a waje a jawo ta zuwa modem ɗin.

Wajen rarrabawa cikin babban gida, wifi na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango, na gigahaz 5 ya fi sauri amma ba ya nisa. Idan sashen maigida da na iyali suna nesa da juna, a haɗa su da kebul na cikin gida, wanda ke aiki lafiya har tsawon mita 100, a saka akwatin wifi na biyu a can.

Shin maƙwabta ba za su iya shiga ko su ga abin da nake yi ba?

Tsakanin modem da turken 4G saƙon a kulle yake tafiya. Ƙofar da aka fi bari a buɗe ita ce ta wifi ɗin gida, kuma wannan ya shafi mai fiba da mai 4G baki ɗaya. A zaɓi kariya ta WPA2 ko WPA3, a saka lambar sirri mai tsawo wadda ba lambar tarho ko sunan ɗa ba ce, a kuma sauya lambar shiga saitin akwatin da ya zo da ita daga kamfani. Idan forfe yana ƙarewa da wuri ba dalili, a duba jerin na'urorin da ke haɗe.

Turken rezo da ke kusa da gidana ba zai cutar da iyalina ba?

Igiyoyin rediyo ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba ne, ba su da ƙarfin da zai karya ƙwayoyin halittar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar hujja ta kimiyya da ke nuna raunanan igiyoyin da turaku da wifi ke fitarwa suna cutar da lafiya, kuma ana ci gaba da bincike kan yawan amfani da tarho a jikin kunne. Wanda ke son ƙarin kwanciyar hankali ya riƙa amfani da abin sauraro na kunne idan zai yi doguwar magana.

Waɗanne kamfanoni ne ake da su, kuma wa ke sa musu ido?

Akwai Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom, wanda ya karɓi harkokin Orange a Nijar a 2019, da Niger Telecoms, kamfanin gwamnati da aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke ba da mitoci, take duba ingancin aiki, take kuma karɓar koken masu saye idan kamfani bai warware ba. Ba za a ce wane ya fi wane a ko'ina ba, domin ƙarfin kowanne ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Kafin a sayi modem, a gwada sim ɗin kamfanoni biyu ko uku a cikin ɗakin da za a yi aikin, da safe da kuma bayan isha'i, a kuma tambaya ko akwatin yana karɓar sim ɗin wani kamfani ko an kulle shi.

Makaranta, asibiti ko ofis fa, wanne za su zaɓa?

Wurin da mutane da yawa ke aiki a lokaci guda, kamar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, babban asibiti, banki ko cibiyar da ake buga takardu da rajistar jarrabawa, ya nemi fiba idan layin ya iso, domin shi ne zai ɗauki nauyin. Amma ya ajiye modem na 4G na wani kamfani dabam a matsayin madogara, tunda akwai akwatunan da ke komawa kan sim da kansu da zarar kebul ya yanke. Ƙaramar makaranta, ɗakin shan magani na ƙauye ko shagon tura kuɗi kuwa su fara da 4G tare da batir da farantin sola, su ƙara eriyar waje idan turke yana nesa. Ma'aikatar da ke da gine-gine biyu a gari ɗaya tana iya jawo fiba zuwa ɗaya, ta kai wa ɗayan ta eriya biyu masu fuskantar juna, da sharaɗin babu dogon gini ko bishiya a tsakaninsu, kuma a tabbatar da ARCEP cewa mitar da za a yi amfani da ita an yarda da ita.